Da Ruwan Ciki A Kan Ja Na Rijiya

Ƙasar Tambuwal da ta Kebbe suna kudancin Jihar Sakkwato, wakili ɗaya su ke aikawa Majalisar Wakilai a Abuja. Garin Tambuwal yana kan babbar hanyar mota wadda ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega, can ne Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna ya raya wurin. Kebbe kuwa tana gaba, wajen da Gulbin Zamfara ya ratsa, ta yi iyaka da Jihar Zamfara da Jihar Kebbi. Mutanen ƙasashen nan biyu manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Suna noma gero da dawa da wake a tudu, shinkafa da albasa da barkono a fadama. Ba a san su da ƙyuya ba. Duk wanda ya bi ta Dogon Daji ko Sanyinna ko Kuchi da damina ya ga yadda a ke sunkuye a gona tun da asuba, ya san haka.

To, in mutane ba malalata ba ne, ƙasarsu kuma tana ba da amfani, me ya sa yaransu ke mutuwa haka? A binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018, an sami fiye da rabin yaran Jihar Sakkwato waɗanda ba su kai shekara biyar ba sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta auna talauci ta wajen abinci da lafiya da makaranta da ruwan sha da aikin yi, ta sami kashi 63 cikin ɗari na mutanen Nijeriya matalauta ne. A Jihar Sakkwato kuwa kashi 91 ne, babu jihar da ta kai ta. Ruwa ba ya tsami banza. Waɗannan lissafai biyu abu ɗaya su ke faɗa: shawarar da a ke yankewa a ofis game da man fetur da darajar naira da taki da aikin yi, ita ce ke biyo hanya har ta shigo ɗakin mai jego a ƙauye.

Ko jahilci ne?

Akwai masu cewa jahilci ne duk ya jawo wannan. Su kan ce mutanen ƙauye ba sa son asibiti, sun fi son sassaƙe da jiƙe-jiƙe, ba sa kai yara rigakafi, ba sa barin mata su je awo. Lalle akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Binciken nan na 2018 ya nuna yaro biyar kaɗai cikin ɗari ne a Jihar Sakkwato ya sami alluran rigakafinsa duka, wannan kuwa abin kunya ne, kuma iyaye suna da nasu laifin a ciki.

Amma fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai karatu ya ɗauki magidanci wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci, ya iya karanta takardar likita, ya san sauro ke kawo zazzaɓi, ya san amfanin ƙwai da madara ga yaro. Ɗansa ya kwana da zafin jiki. Daga ƙauyensu zuwa asibitin Tambuwal ko na Kebbe sai ya biya mai babur zuwa da dawowa. In ya isa zai yanki kati, ya biya awon jini, ya sayi magani. In an ce jinin yaron ya ƙare sai an ƙara masa, ko kuwa an ce a wuce da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar kusan kilomita ɗari, to, sai an sayar da akuya. In akuyar ta riga ta tafi tun bara fa? Iliminsa bai ɓace ba, yana nan cikin kansa. Abin da zai yi shi ne ya je shagon magani ya sayi ƙwaya biyu cikin shida da ya kamata yaro ya sha, ya dawo gida yana addu'a. Wanda ya kira wannan mutum jahili ya zalunce shi.

A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da a ke kashewa wajen neman lafiya daga aljihun marasa lafiya da danginsu ya ke fitowa. Ƙasar da ta ke haka, duk abin da ya taɓa aljihu ya taɓa rai.

Abin da ya faru a 1986

Wannan ba yau aka fara ba. A 1986 Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo tsarin gyaran tattalin arziki bisa shawarar Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. A 1985 naira ɗaya ta ɗan fi dala ɗaya ta Amurka daraja. A 1993 sai mutum ya ba da naira 22 a banki sa'an nan a ba shi dala ɗaya. Tun da ya ke yawancin magunguna da kayan aikin asibiti daga ƙasashen waje a ke sayo su, kuɗinsu ya bi dala ya hau. Aka rushe hukumomin cinikin gyaɗa da auduga. Hukumomin nan sun daɗe suna cutar manomi da farashi kaɗan, ba wanda zai yi kukan mutuwarsu, amma da aka rushe su ba a kafa wani abu a gurbinsu da zai tsaya wa manomi wajen iri da ciniki ba. A 1987 aka yi wani taro a Bamako aka shirya cewa marasa lafiya su riƙa biyan kuɗin magani a ƙananan asibitoci don a riƙa juya kuɗin a sayo wani. A lokacin nan Ministan Lafiya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, yana ta ƙoƙarin kai asibiti kusa da talaka, amma hannu ɗaya na ginawa, ɗaya na zare tubali. Manyan likitoci da yawa suka tafi Saudiyya da Ingila da Amurka neman albashin da zai riƙe su.

Da sanƙarau ya ɓarke a Arewa a 1996, mutum fiye da 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka mutu. Tsarin tattalin arziki ba shi ya haifi ƙwayar sanƙarau ba. Amma annoba ta tarad da asibitoci babu magani, mutane kuma babu ƙarfin jiki, ta yi ɓarnar da ta ga dama.

Ba Nijeriya kaɗai ta ga irin wannan ba. Sa'ad da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, aka sayar da masana'antun Rasha da gaggawa, miliyoyin mutane suka rasa abin dogara. Cikin shekara huɗu, daga 1990 zuwa 1994, matsakaicin tsawon ran namiji a Rasha ya faɗo daga wajen shekara 64 zuwa ƙasa da 58. Ba yaƙi aka yi a biranensu ba, ba kuma sabuwar cuta ta zo ba. Ciwon zuciya da shan giya da kisan kai da baƙin ciki su suka kwashe mazajen nan, kuma duk cikinsu masu karatu ne.

Abin da ya faru a 2023

A farkon 2023 canjin takardun naira ya sa kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a har wata uku. A birni a kan tura kuɗi ta waya. A kasuwar ƙauye kuwa, inda banki ya ke da nisa, mai tunkiya ya rasa mai saye sai da faɗuwa, mai naƙuda ta rasa kuɗin mota alhali mijinta yana da hatsi a rumbu.

Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba, ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Litar da a ke saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. A watan Yuni 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta wuce 1,500 a farkon 2024. A watan Agusta 2023 kamfanin magani na GSK, wanda ya shekara fiye da hamsin a Nijeriya, ya ce zai naɗe tabarmarsa, kuɗin maganin asma da na kashe ƙwayoyin cuta suka ninka. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka rufe kan iyaka har Maris 2024, cinikin dabbobi da albasa da hatsi na ƙasar Sakkwato ya tsaya cik. A tsakiyar 2024 tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin ɗari bisa ta shekarar da ta gabata.

Wani zai ce, ai manomi shi ke da riba in abinci ya yi tsada. Mai wannan magana bai san zaman ƙauye ba. Ƙaramin manomi da kaka ya ke sayar da amfaninsa, lokacin da hatsi ya ke da araha, don ya biya bashi ya yi wa iyali sutura. Da damina, sa'ad da rumbu ya ƙare, shi ma mai awo ne a kasuwa kamar kowa, ya sayi abin da ya sayar da ninkin kuɗinsa. Ribar tana wajen mai ajiya. Noman rani kuma a fadamun Gulbin Zamfara da injin ban ruwa a ke yinsa, injin kuwa fetur ya ke sha. Wanda da ya kan yi kadada ɗaya ya koma rabi, 'yan ƙodagon da ya kan ɗauka suka rasa aiki. Daga baya, a Yuli 2024, Gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa na kwana 150. A 2025 kuɗin hatsi ya faɗi, na taki bai bi shi ba. Sai manomi ya sha duka ta gaba, ya sha ta baya.

Yadda rashi ke shiga jiki

Gidan da kuɗi ya yi wa ƙaranci ba tuwo ya kan fara dainawa ba. Abin da a kan fara cirewa shi ne nama da kifi da mai da madara da wake, watau abin da ke gina jikin yaro. Ciki ya cika da gero tsura, jiki bai ƙaru ba. Watannin Yuni zuwa Satumba su ne mafi wuya, gama a cikinsu rumbu ke ƙarewa, a cikinsu aikin gona ya fi yawa, a cikinsu kuma sauro ke ƙaruwa. Yaron da tamowa ta kama, zazzaɓi ko gudawa ko ƙyanda da ɗan mai ƙoshi zai yi kwana uku ya tashi, shi ita ce ajalinsa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 suka mutu saboda tamowa a asibitocinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon 2025, shekarar da Amurka ta yanke yawancin taimakon da ta ke bayarwa.

A birnin Sakkwato akwai wani asibiti da aka buɗe a 1999 domin ciwo guda ɗaya, wanda likitoci ke kira noma. Sunan ya yi kama da noman gona, amma ba su haɗa kome ba. Gyambo ne da ke farawa a dasashin yaro, cikin 'yan kwanaki ya cinye kunci da leɓe da hanci. Galibi a jikin yaran da yunwa ta raunana a ke ganinsa. Turai ta rabu da shi tun da mutanenta suka ƙoshi. A Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Duk yaron da aka kwantar a asibitin nan shaida ne a kan tukunyar gidansu, da kuma waɗanda suka sa tukunyar ta zama haka.

Mata kuwa, tasu ta fi gaggawa. Zubar jini bayan haihuwa ya kan kashe mace cikin sa'a biyu. In dare ya yi, mota ɗaya ce a gari, mai ita ya ce sai an biya kuɗin mai tukuna, to, lokacin da a ke bin maƙwabta neman rance shi ne lokacin da ran ke fita. Wadda ta tsira daga doguwar naƙuda ta kan tashi da yoyon fitsari.

Zaman banza da ƙidayar Gwamnati

Noman damina wata huɗu ne ko biyar. Tun kaka da kakanni, in an gama girbi samarin ƙasar Sakkwato su kan tafi cin rani. Abin da su ke aikowa shi ke sayen magani, shi ke cike giɓin rumbu. Ƙofofin nan sun yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Masaƙun Kaduna, da su ke ɗaukar dubban ma'aikata suna kuma sayen audugar manoma, suka durƙushe, babbar cikinsu ta tsai da aiki a 2007. A Ikko, watau Legas, an hana acaɓa a manyan unguwanni a 2020, aka ƙara tsanantawa a 2022, aka murƙushe babura da yawa. Saurayi ya dawo gida hannu rabbana.

Mutum mai ƙarfi ba ya zama haka kawai. Waɗansu suka nufi ramukan zinariya na Zamfara, inda a 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, domin iyayensu suna daka duwatsu cikin gida. Waɗansu suka faɗa shan ƙwayoyi, har a 2018 Gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin. Waɗansu kuma 'yan bindiga suka ja su daji. Ƙauyukan Kebbe da ke bakin dajin iyakar Zamfara sun ɗanɗana wannan masifa: an kashe mutane, an sace waɗansu, an bar gonaki. Ƙauyen da aka tasa kuwa, ma'aikacin asibiti ba ya kwana cikinsa, mai allurar rigakafi ba ya zuwa.

Ga abin mamaki. A ƙarshen 2020 Hukumar Ƙididdiga ta ce mutum 33 cikin ɗari na masu neman aiki ba su da shi. A farkon 2023 ta ce 4 ne cikin ɗari. Ina aka sami ayyukan? Ba a samu ba, mudu aka sake. A sabon awo, duk wanda ya yi aikin sa'a ɗaya cikin mako don samun kuɗi, an lissafta shi mai aiki. An ce haka a ke yi a sauran duniya, kuma gaskiya ne. Amma saurayin da ya yi dakon buhu uku ran kasuwa ya zauna kwana shida a gindin bishiya, a takarda ma'aikaci ne, a gidansu kuwa an san ko mene ne. Likitan da ya sake ma'aunin zafi don kada ya nuna zazzaɓi, bai warkar da kowa ba.

Hujjar masu mulki

Masu kare tsarin nan suna cewa tallafin fetur ɓarna ne, 'yan kasuwar mai da masu fasa ƙwauri da masu motoci a birni su suka fi cin moriyarsa, ƙasa kuma bashi ta ke ci tana biya. Wannan gaskiya ne, ba a musunta ba. Suna cewa kuɗin da aka tsimi yanzu jihohi da ƙananan hukumomi ke samu, kason wata-wata kuwa ya ƙaru ƙwarai tun 2023. Wannan ma gaskiya ne. To, nan ne maganar ta ke. Likita ya kan fiɗe mutum don ya cire ƙari, amma ba ya fara yanka sai ya tanadi jini da zaren ɗinki. An yanka talaka rana ɗaya, aka ce ya jira ɗinki. Albashi mafi ƙanƙanta bai tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 ba sai Yuli 2024, shi ma na masu albashi ne, manomi ba ya ciki.

Alkawura kuma suna nan a rubuce. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yarda kowace ƙasa ta ba harkar lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinta. Gwamnatin Tarayya, mai masaukin taron, ba ta taɓa cika wannan ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya domin ƙananan asibitoci. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Mutumin Kebbe yana da ikon tambaya ko nawa ne ya iso asibitin mazaɓarsu.

Masu cewa kome ƙaddara ce, su tuna da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa raya sana'o'i da kula da manoma da masu magani da gyaran kasuwanni da hanyoyi cikin wajiban mai mulki. Malamin da ya san ƙaddara fiye da kowa bai ɗauke wa shugaba wannan nauyi ba.

Abin da ya kamata

Na farko, aikin rani. A 2005 Indiya ta yi dokar da ta ba kowane gida na ƙauye ikon samun aikin kwana 100 a shekara da lada daga Gwamnati. A shekarar nan Habasha ta fara biyan matalauta kuɗi ko hatsi su yi aikin tare ruwa da gyaran ƙasa. Hanyoyin ƙauyukan Tambuwal da Kebbe suna bukatar gyara, tafkuna suna bukatar yasa, ga samari zaune. Na biyu, injin ban ruwa mai aiki da hasken rana a ba manoman fadama bashi mai sauƙi, su huta da fetur. Na uku, haihuwa da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar su zama kyauta ta gaske, da magani a cikin kabad, da motar ɗaukar masu naƙuda wadda ke da mai a tanki. Na huɗu, duk shawarar da za a yanke game da fetur ko naira ko kan iyaka, a sa Ministan Lafiya ya faɗi a fili abin da za ta yi wa abincin yara, kafin a sa hannu.

Waɗanda suka gama ajin karatu na manya suna da nasu aikin. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba ba. Kowane ƙauye a sami mutum biyu ko uku su riƙe littafi, su rubuta haihuwa da mutuwar yara da ta masu jego, da kuɗin mudun gero kowane mako, da ranakun da aka je asibiti aka tarar babu ma'aikaci ko babu magani, da yawan samarin da ba su da abin yi. Su shiga kwamitin raya mazaɓa mai kula da asibitinsu. Bayan wata uku su ɗauki littafin su kai wa Hakimi da kansila da Shugaban Ƙaramar Hukuma, su karanta musu a gaban jama'a, su nemi a nuna musu nasu lissafin na kuɗin da ya shigo. Haka kuma su yi wa duk wanda ya zo neman ƙuri'a.